Matar da Yara Suka Turo Mana

Litinin, 7 ga Nuwamba

'Yan sanda ne suka dawo min da mijina Berto yau da safe. Da motarsu, da fitilar nan mai juyawa, a gaban duk mutanen layinmu.

Wanka kawai na shiga. Na bar shi a kicin da kofinsa da burodi, na fito na tarar da ƙofar baya a buɗe. An tsince shi a bakin tsohuwar masaƙar da na yi rabin rayuwata ina ɗinkin labule, da wandon barci, da silifa a ƙafa ɗaya, cikin wannan sanyin. Wai ya zo ɗaukar matarsa daga aiki. Masaƙar da aka rufe tun kafin a haifi jikarmu.

'Yar sandan ta lulluɓe shi da bargo, ta riƙo hannunsa har bakin ƙofa. Wandon a jiƙe yake, kuma ba ruwa ba ne. Ta gani, na kuma san ta gani. Ta tambaye ni ko akwai mai taimaka min, na ce ina da 'ya'ya. Ban yi ƙarya ba. Natalia tana Arizona, Duarte yana Providence, mota ce kawai tsakaninmu amma sai ka ce teku.

Mutumin da ya gina rabin katangun dutsen garin nan na Fall River da hannunsa. Na canza masa kaya, shi kuma yana ta tambayata me ya ɓata min rai.

Talata, 8 ga Nuwamba

Na sauka ƙasa na buɗe akwatin kayan aikinsa, na samo sakata, na kafa ta a ƙofar ɗakin barci ta waje. Ta ɗan karkace amma tana shiga. Don wanka ne kawai, da zuwa kanti. Babu wanda zai sani.

Alhamis, 10 ga Nuwamba

Natalia ta ji labarin 'yan sanda. Ba sai na tambayi wa ya faɗa mata ba, Zulmira ce, ƙanwar Berto. Ita ba ta taɓa zuwa ta zauna da yayanta na kai shara waje ba, amma wayarta ba ta hutawa.

Yarinyar ta yi kuka, ta yi faɗa, sannan ta fito da abin da ya sa ta kira. Wai ta samo wata mata, tsohuwar nas ce, aikinta ke nan yanzu, tsara yadda za a kula da tsofaffi. Ba wanka take yi ba, ba girki ba. Ita ce za ta duba halin da muke ciki, ta yi magana da likitoci, ta nemo masu taimako, ta riƙa sa ido. Su biyu za su biya ta, ita da Duarte.

Na ce mata kakarta a hannuna ta rasu, a ɗakin sama, na yi jinyarta ina kuma zuwa masaƙa, ban kira kowa ya tsara min ba. Mu da muka yi ƙaura daga tsibiri zuwa ƙasar nan ba ma miƙa namu ga bare.

Ta ce, "Mama, a lokacin shekararki arba'in. Yanzu saba'in da shida."

Na ce miyata na ƙonewa, na ajiye wayar. Babu komai a kan wuta.

Lahadi, 13 ga Nuwamba

Ban je coci ba. Ba zan iya da idanun matan nan ba tukuna.

Laraba, 16 ga Nuwamba

Ta zo. Yvette Boucher sunanta, gajera, mai furfura, da takalmin da ya sha tafiya. Na zaci zan ga mai ƙaton fayil da ɗaga hanci. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kira ni Dona Odete yadda mutanenmu ke yi, ta cire takalmi ba tare da na ce ba. Ni dai ban sake mata fuska ba.

Berto kuwa sai ka ce an yi masa albishir. Ya ja mata kujera, ya ba ta labarin inabin bayan gida har sau uku, ita ma ta saurara sau uku kamar yau ta fara ji. Ya tambaye ta ko tana da miji. Na ji kamar in nutse.

Na zuba mata miyar ganye don a san ba yunwa ake yi a gidan nan ba. Ta cinye tas. Daga nan ta ce ko za ta ga magungunansa. Na kawo tukunyar da nake tara su. Ta jera kwalaben a kan tebur tana karantawa, ta ce likita uku ne suka rubuta, kuma da alama babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar. Ba ta ce laifina ba ne. Ni ce na ji haka.

Ta zaga ƙasan gidan, ta taɓa darduma da ƙafa, ta leƙa banɗaki. Da ta nufi bene na ce sama ba a gyara ba. Ta ce to, wata rana.

Tana saka takalmi ta ce zoben aurena yana yawo a yatsa, tun yaushe? Na ce haka yake tun asali. Zoben da sai da sabulu yake fita a da.

Talata, 22 ga Nuwamba

Ban san ta inda zan fara ba.

Madara ta ƙare. Na kai shi ɗaki, na kunna masa rediyo, na zura sakata, na ce yanzu zan dawo. A kanti aka yi layi, wata ta tsaya jayayya da mai karɓar kuɗi. Ina shigowa layinmu na hango motarta. Na manta sam ta ce yau za ta biyo da takardar ganin likita.

Tana tsaye a tsakar bayan gida, kanta a sama, tana magana da taga. Berto ne a tagar ɗakinmu, ya ɗaga ta, ƙafa ɗaya ta riga ta fito. Tana ta ce masa, "Mista Furtado, tsaya ka faɗa min, wannan inabin wane iri ne? Yaushe ake yanke shi?" Shi kuma ya tsaya a haka yana mata bayani. Da ta gan ni ba ta juyo ba, hannu kawai ta miƙo ta baya, ta ce in hau yanzu.

Ban san yadda na hau benen ba. Na jawo shi ciki ta ɗamarar wando. Hannunsa duk jini, ya yi ta dukan ƙofa. Ya kalle ni ya ce wani ya kulle shi, in kira matarsa.

Ita ta wanke masa hannun, ta ɗaure, ta zaunar da shi gaban talabijin. Sannan ta dawo kicin ta same ni. Madarar tana ƙasa inda na yar da ita.

Na ce, "Sai ki kira su su tafi da shi. Ko da ni."

Ta ce ba don haka ta zo ba. Amma ta faɗa min ba tare da kwana-kwana ba: sakatar nan yau za ta fita, don da wuta ce ta tashi da yanzu wani zancen ake. In kuma ta sake ganin an kulle shi, doka ta ɗora mata ta sanar da hukuma, kuma za ta sanar. Ta ce abin da ta gani mace ce ɗaya da ke aikin mutum huɗu, kuma wannan yana da magani. Ta fara buga waya tun tana zaune a wurin.

Ni na cire sakatar da hannuna, tana riƙe min kusoshin. Da na yi kuka ba ta rarrashe ni ba, tsumma ta ɗauka ta goge madarar. Wannan ya fi min sauƙi.

Ta ce dole yara su sani. Ko in faɗa musu ni kaɗai, ko tana zaune kusa da ni, amma ba za ta ɓoye musu ba.

Laraba, 23 ga Nuwamba

Ta turo wata mata ta zauna da shi na yi wanka. An kuma sa wata 'yar ƙararrawa a ƙofofin waje, da an buɗe sai ta yi ƙara. Abu ɗan mitsitsi haka. Da na san da shi...

Alhamis, 24 ga Nuwamba

Bikin godiya na mutanen ƙasar nan. Duarte ya zo da matarsa da talotalo dafaffe daga kanti, busasshe kamar katako. Ya ga hannun ubansa a ɗaure. Na ce su kira Natalia a waya su sa kowa ya ji, na faɗa musu maganar sakatar sau ɗaya, idona a kan faranti.

Duarte ya miƙe ya fita waje babu riga mai kauri. Da ya dawo ya ce shi ke nan, gidan tsofaffi kawai. Natalia ta ce shi da ke kusa me ya taɓa yi? Ya ce ita daga Arizona baki kawai take turowa. Suka yi ta yi kamar lokacin da suke faɗa kan kujerar gaba a mota. Berto yana ta cin dankalinsa, ya ce min yaran maƙwabta ba su da tarbiyya.

Ba wanda ya ce min komai a kan sakatar. Gara a ce sun zage ni.

Asabar, 26 ga Nuwamba

Yvette ta tara mu a kicin, Natalia ta waya. Da suka fara ɗaga murya sai ta ce kowa ya faɗi abin da zai iya yi da gaske, ba abin da yake so ɗan'uwansa ya yi ba.  Duarte ya ce zai iya zuwa ranar Asabar, ya yi cefane, ya zauna da Baba. Natalia ta ɗauki maganar inshora da takardu. Batun gidan tsofaffi kuwa, ta ce lokacinsa zai iya zuwa, ba za ta yaudare mu ba, amma a ganinta bai zo ba.

Sai ta juyo ta tambaye ni ni me nake so.  Na ce ina so ya mutu a gidansa. Ta ce ta ji, to kafin nan fa? Ban taɓa tunanin kafin nan ba.

Talata, 29 ga Nuwamba

Ta raka mu wurin likita. Ni in na shiga ɗakin nan Turancina guduwa yake yi, sai in ta gyaɗa kai in fito ban san me aka ce ba. Yau da na fara cewa lafiya lau yake, ta taɓa min gwiwa, sai na faɗi gaskiya: ba ya barci, yana faɗuwa, wani lokaci yana murɗe min hannu in zan cire masa riga. Na naɗe hannun rigata na nuna. Likitan ya daɗe yana kallo.

An cire masa ƙwaya biyu. Ɗaya wai ita ke ƙara rikita shi da yamma.

Sai maganar mota. Berto ya daina tuƙi a zahiri, amma makullin na aljihunsa, kuma watan jiya na same shi a ciki ya tayar da ita. Duk wanda ya taɓa makullin nan a gida ya zama ɓarawo. Ashe sun shirya da likitan, shi ya faɗa masa, namiji da namiji, cewa idonsa ya yi rauni, a ajiye tuƙi. Berto ya zagi likitan da yarenmu, zagi mai kyau, sannan ya ajiye makullin a kan tebur. A hanyar gida yana ta ce min mutumin nan jaki ne. Na ce ƙwarai kuwa. Rabon da mu kasance gefe ɗaya ni da shi har na manta.

Juma'a, 9 ga Disamba

Mai yi masa wanka ya fara zuwa. Anildo, mutumin ƙasar Cabo Verde, ya haura hamsin, ƙato, yana jin yarenmu. Yvette ta ce da gangan ta nemo namiji mai yaren, don Berto ya fara mance Turanci.

Na tsaya a bayan ƙofar banɗaki ina jiran ihu, kamar yadda yake min. Sai na ji suna gardamar ƙwallo. Ya fito da aski, yana ƙamshi, yana ce wa Anildo abokina.

Ya kamata in yi murna. Kicin na koma na zauna. Shekara hamsin da huɗu ina ganin jikin mutumin nan, yau bare ya fi ni iyawa da shi. Kuma motar Anildo a ƙofar gida take, da sunan kamfani a jiki, kowa na karantawa.

Laraba, 14 ga Disamba

Sun fara ɗaukarsa zuwa wani wuri da tsofaffi ke yini, Litinin da Laraba. Na ce ba zai yarda ba. Yvette ta ce a ce masa ana neman wanda ya san gini ya duba musu katanga. Na ce ƙarya ke nan. Ta ce in je in ga katangar, da gaske tana neman dubawa.

Ya tafi da hularsa ta aiki. Ni kuma na tsaya a tsakiyar falo ban san me zan yi da hannuwana ba. Na zauna in cire takalmi, ban farka ba sai da motar ta dawo da shi. Na ce wa direban goge-goge nake yi. Da shatin matashi a kumatuna.

Lahadi, 25 ga Disamba

Busasshen kifi da dankali, kamar kullum. Berto ya rera waƙar Kirsimeti daga farko har ƙarshe, bai ɓata kalma ɗaya ba, sannan ya tambayi Duarte ɗan wane ne shi.

Tari ya dame ni. Yvette ta ji shi ta waya ta ce in ga likita. Na ce shayi da zuma ya isa.

Litinin, 16 ga Janairu

Daga gadon asibiti. Ranar Juma'a na faɗi a kicin, ashe sanyi ya daɗe da shiga huhuna. Anildo ne ya kira motar asibiti. Ina kan gadon ɗaukar marasa lafiya ina ta ce musu ba inda za ni, wa zai zauna da shi? Anildo ya ce ya riga ya kira Yvette, in kwanta.

Abin da ban sani ba, ko kuma na sani na ƙi saurara, shi ne tun watan jiya ta shirya wa irin wannan ranar. Ta taɓa tambayata in na kwanta ciwo wa za a kira, na ce ni ba na ciwo. Ita dai ta yi shirinta da yara. Kafin yamma an samu mai kwana da shi. Yvette ta san yadda yake shan kofinsa, ta san ba a tunkararsa ta baya, ta faɗa wa kowa. Duarte ya zo ya kwana biyu ya koma aiki. Natalia ta so ta hau jirgi, Yvette ta ce ta bari sai an sallame ni, lokacin ne za a fi bukatarta.

Ta zo nan ma, ta tsaya da likitocin, ta hana a sallame ni da wuri zuwa gidan da ke da bene da majinyaci.

Ga abin da ba zan faɗa wa Fada, limamin cocinmu, ba ko a wurin ikirari: daɗi nake ji a nan. Ana kawo min abinci marar gishiri ina cinyewa. Ina barci kamar an jefa dutse a rijiya. Jiya na yini cur ban tuna da shi ba sai da aka kawo abincin yamma. Wace irin mata ce wannan?

Talata, 17 ga Janairu

Na faɗa wa Yvette. Ban yi niyya ba, fita kawai ya yi. Na jira ta ce ba komai, kowa ma haka yake. Sai ta ce mijinta ya yi shekara biyu a kwance kafin ya rasu, ranar da aka kwantar da shi asibiti ta tsaya a hanya ta sha askirim ita kaɗai a mota.  Ta gyara min matashi ta tafi.

Ban san ta yi aure ba ma. Ban taɓa tambayarta komai game da kanta ba.

Asabar, 21 ga Janairu

Na dawo gida. Natalia ta iso jiya. An sauko da gadonmu falo, an kafa ƙarfen riƙewa a banɗaki, an naɗe dardumata ta tsibiri an ɗora a kan kabad. Ba a tambaye ni ba. Na yi faɗa a kan dardumar, Yvette ta ce ina da gaskiya, ya kamata a tambaye ni, ta ba ni haƙuri. Amma dardumar tana kan kabad har yanzu.

Berto ya yi ƙiba. Ya ƙi ya nuna ya yi kewata, ko kuwa bai san na tafi ba. Da yamma dai ya zo ya zauna kusa da ni, ya ɗora hannu a kan ƙafata, muka kalli labarai.

Natalia ta tsefe min kai. Ta ce rabon da ta yi barci ba tare da waya a ƙarƙashin matashi ba tun bara, sai yanzu. Ni ban taɓa kawowa ita ma ba ta barci ba.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Na koma coci. Duarte ya sauya ranarsa ya zauna da uban. Bayan an tashi na sauka kicin ɗin ƙasa inda mata ke suyar fanken da ake sayarwa, na ɗaura atamfar aiki kamar ban taɓa fashi ba. Aka yi min sannu da jiki, aka matsa min wuri.

Sai Zulmira, daga can bakin kasko, da muryar da har masu layi a waje za su ji: "Matar Yaya, ashe kin warke. Na ji an ce yanzu ƙattin waje ke yi wa yayana wanka, ke kuma kina miƙe ƙafa."

 Fuskata ta ɗau zafi har kunne. Na ji bakina yana cewa, "Talata da Juma'a ne. Alhamis babu kowa, in kina so ki zo da soso."

Wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki. Zulmira ta ce bayanta ne ke ciwo. Na ce nawa ma.

Na gama murza fanken a sukari. Ban ji na yi nasara ba. Ji na yi kamar na tuɓe a kasuwa. Amma da za mu fita Dona Ilda, wadda mijinta ya daina zuwa coci tun bazara, ta riƙe min hannu ta daɗe ba ta saki ba.

Alhamis, 16 ga Fabrairu

Zulmira ta zo. Babu soso, amma ta kawo shinkafa da madara, ta zauna da shi suna zancen ƙauyensu. Ya gane ta sarai. Da za ta tafi idonta ya yi ja. Ta ce gidan yana wari kamar asibiti.

Juma'a, 17 ga Maris

Mummunan mako. Ya kore ni daga falo, wai matarsa za ta dawo ta gan ni. Ya jefe ni da kofi, bai same ni ba. Ni na kira Yvette, ita ta gano fitsarinsa ne ya kamu da cuta, wai haka yake rikita tsofaffi. An ba shi magani, ya lafa.

Na tambaye ta ko zai dawo yadda yake kafin Kirsimeti. Ta ce a'a, ƙasa abin zai riƙa yi, a hankali. Ta ce wata rana za mu je mu duba gidajen nan tare, don in zaɓa da idona tun babu gaggawa, ko da ba za a taɓa bukata ba. Na ce ba yanzu ba. Ta ce to.

Ban ce har abada ba. Sai da ta tafi na lura.

Laraba, 19 ga Afrilu

Inabi ya fara toho. Jiya Anildo ya fito da Berto bayan gida, Berto ya zauna yana ba da umarni, Duarte da ya ɗauki hutun aiki yana ɗaure rassan, yana shan zagi.

Jikarmu Celeste za ta gama jami'a wata mai zuwa, can Arizona. Natalia ta ambata a waya ta wuce, ba ta ma gayyace ni ba, ta san amsar. Shekaranjiya na kira Yvette a kan maganar ƙwayoyinsa, muna cikin magana na tambaye ta, tambaya kawai, in mutum zai yi tafiyar 'yan kwanaki yaya ake yi. Ta ce matar nan mai kwana da ta zauna da shi lokacin ina asibiti tana nan, Duarte zai karɓi ƙarshen mako, ita kuma za ta riƙa leƙowa. Ta amsa da sauri har na yi zargin ta daɗe tana jira.

Ban yanke shawara ba. Duarte dai ya sayi tikitin, ya ce ana iya mayarwa.

Na faɗa wa Berto. Ya ce in gaishe su, in kuma yi hankali da mazan jirgi.

Ba wanda zai sani a coci. To, na faɗa wa Zulmira, don Alhamis ɗin da take zuwa ta faɗo cikin kwanakin tafiyar.

An ce can zafi ake yi sosai. Takalman da nake da su duk na sanyi ne, shi ya sa na shiga kanti. Ja ne kawai ya rage daidai ƙafata.